Bashin kaya ba takarda: addini ne ko al'adar fatauci?

Ɗalibi:
Assalamu alaikum. A hutun da ya wuce na zauna a shagon kawuna a Kantin Kwari, inda na ga an ɗora wa wani baƙo daga Maraɗi dilolin atamfa, ya tafi babu sa hannu babu shaida, a kan zai kawo kuɗin bayan salla. Shin addini ne ya kafa wannan tsari, ko kuwa gadon fatake ne kawai?

Bafatake:
Wa alaikumus salam. Ɗana, biyun a cakuɗe suke. Dubi unguwar Sabo ta Ibadan, inda maigida yake saukar da mai shanu daga Arewa, dillalinsa ya sayar wa mahauta bashi, maigidan kuma ya tsaya a kan cewa kuɗin za su fito. A farkon shekarun 1950 yawancin Hausawan unguwar sun shiga ɗariƙar Tijjaniyya har suka ware masallacin Juma'arsu, kuma hakan ya ƙara ɗaure su wuri guda. Mutumin da kuke haɗa kafaɗa a sahu sau biyar a yini, kuke zaman wazifa tare, cin amanarka zai yi masa wuya, domin ba shi da wurin ɓoye fuskarsa.

Malamin Zaure:
Ina da gyara, Alhaji. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, wato ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ta yi da a rubuta bashi kuma a kafa shaidu, saboda haka barin rubutu sakacinmu ne, kuma magada ne suke shan wahalarsa idan mutuwa ta gitta. Inda addini ya tsara kasuwa sosai shi ne haramcin riba da wajabcin zakka. A Malikiyya, ɗan kasuwar da kayansa suke juyawa kullum yakan yi musu kuɗi sau ɗaya a shekara, ya haɗa da bashin da yake sa ran karɓa, idan sun kai nisabi ya fitar da ɗaya bisa arba'in. Wanda bai rubuta bashinsa ba, da me zai yi wannan lissafi?

Hajiya Mai Shadda:
Malam ya yi gaskiya. Gudun kuɗin ruwa ne ya hana iyayenmu rancen banki, suka dogara da bashin kaya da adashi. Tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012 an sami murabaha, inda banki yake sayen kayan ya sayar maka da ribar da kuka amince tun farko, amma ko a can sai ka cika takardu kafin a ba ka ko yadi ɗaya.