Rim ɗin "mag": daga ina sunan?

Sani: Jama'a, a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano duk rim ɗin mota mai ƙyalli sai a ce "mag". Meye asalinsa?

Malam Habu: Daga magnesiyam ne, wani ƙarfe mara nauyi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu wani Ba'amurke, Ted Halibrand, ya fara zuba rim na magnesiyam a Kalifoniya don motocin tsere, har na gasar Indianapolis 500. Ya fi alminiyam rashin nauyi: santimita kubik ɗaya na magnesiyam giram 1.74 ne, na alminiyam 2.7.

Oga Bala: Amma damshi na cinsa, yana tsagewa, in ya kama wuta ruwa ƙara masa yake. Na kasuwa yawanci alminiyam ne, Sani. Kankare bayansa, ɗiga ruwan khal: magnesiyam zai yi kumfa, alminiyam shiru.

Malam Habu: In na magnesiyam ya tsage, kada mai walda ya taɓa da sandar alminiyam.