Shawarwari Kan Riƙe Martabar Kwalejin Barewa

Tattaunawar da wasu tsofaffin ɗalibai da malamai suka yi kan Kwalejin Barewa ta Zariya ta fi karkata ga yadda za a riƙe martabarta. An tuna cewa a Katsina aka kafa ta a 1921, ta koma Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, kuma ita ce ta yaye Sardauna Ahmadu Bello da Tafawa Ɓalewa da Yakubu Gowon da Murtala Muhammad da Shehu Shagari da Umaru Musa 'Yar'aduwa.

Shawarar da aka fi nanatawa, wadda a ganina ta fi kowace nauyi, ita ce tsofaffin ɗalibai su fifita jin daɗin malamai a kan fenti da gine-gine, domin malamin da yake zaune a harabar makaranta shi ne yake sa ido a kan tarbiyyar yara a ɗakunan kwana da lokacin karatun dare. Iyaye kuwa an shawarce su da su je da kansu, su duba sakamakon WAEC da NECO na 'yan shekarun nan, kada suna kaɗai ya ja su. Wasu sun nemi a tattara tsofaffin rajistoci da hotuna a adana wuri guda.