An ɗora mini darasin kiɗa da waƙa a aji uku, ku yaya kuka yi da naku?

Malamar aji uku, Kano: Assalamu alaikum 'yan uwa malamai. Farkon zangon nan hedimasta ya kira ni ofis ya ce ni zan riƙa ɗaukar CCA, darasin nan da aka cusa zane da wasan kwaikwayo da kiɗa a ciki. Ni kuwa Hausa na karanta a kwalejin ilimi. Yara sun haura saba'in, makarantar ko gwangwanin kiɗa babu. Mako uku ke nan ina rubuta ma'anar kiɗa a allo suna kwafa, har ni kaina hamma nake yi. Don Allah wanda ya taɓa shiga wannan hali ya ba ni haske.

Tsohon malami, Zariya: Wa'alaikumus salam 'yata. Ajiye allin nan tukuna. Gobe in an fita tara ki tsaya bakin taga ki saurari 'yan matan ajinki, za ki ji gaɗa da tafi wanda ba wanda ya koya musu a makaranta. Haka na yi shekaru aru-aru. Sai in kira mai zaƙin murya ta bayar, sauran aji su yi amshi. Bayan sun yi gumi nake tambaya: sau nawa muka tafa kafin amshi ya shigo? Wa ya yi gaggawa? Nan ne kari yake shiga kansu, ba a littafi ba. Maza za su yi ta noƙewa wai gaɗa ta mata ce. Ki ba su benci su riƙe kiɗa, ki ga yadda za su yi rububi.

Malama, Gusau: Baba ya faɗi gaskiya, amma ki shirya wa iyaye. Ni wani uba ya same ni har bakin aji, ya ce ya kawo ɗansa ya zama likita ne, ba maroƙi ba. Ban yi musu da shi ba, don na san yadda ake kallon makaɗa a wajenmu, wasu kuma dalilinsu na addini ne. Na ce Alhaji, a Islamiyya da me yaron nan ya haddace farillan alwala, ba da waƙe ba? Ya yi shiru. Daga nan na rage kiɗa, na koma rera lissafin sau da sunayen jihohi. Duk da haka akwai yarinya ɗaya da mahaifinta ya ce sam, zane take yi a gefe in muna rerawa, leɓenta kuwa yana motsi.

Malami, Maraɗi: Mu a lakwal, wato makarantar boko a nan Nijar, taken ƙasa ya ba mu aiki. A 2023 aka canza shi, ga shi da Faransanci, 'yan ajin farko ba su san me suke cewa ba. Sai da na fassara musu layi-layi da Hausa kafin bakinsu ya saba.

Malamar aji uku, Kano: Malam ai jirgi ɗaya ya kwaso mu. A watan Mayun 2024 aka dawo mana da tsohon take, wanda aka bari tun 1978. Malaman ma a waya muka koya.

Malama a makarantar kuɗi, Kaduna: Ni gargaɗi zan yi. Mai makaranta ya sa kowane yaro ya sayo sarewar roba ɗin nan, don a burge iyaye ranar rabon kyaututtuka. Yara arba'in suna busa lokaci guda, wallahi sai da malamin aji na kusa ya shigo yana roƙo. Yanzu biyar-biyar nake ɗaukar su. Wani abin da na lura: in muna rera sautuka bakwai na do re mi, a kan sautin "fa" da na "ti" suke zamewa, amma waƙar da suka taso da ita a gida ba sa kuskure ko ɗaya, don yawancin waƙoƙinmu a kan sauti biyar suke tafiya. Sai na fara da biyar ɗin, sauran biyun suka biyo baya.

Malami, Katsina: Yaya Malama, ki nemi makaɗin mahauta a kasuwar unguwarku. Na gayyato wani dattijo da kalangunsa, kuɗin mota kawai ya karɓa. Ya nuna musu yadda yake matse tsarkiya a hammata murya ta hau, ya saki ta sauka. Sai ya kaɗa sunan wani yaro, aji ya ɗau ihu, don sun ji sunan sarai. Ke da kika karanta Hausa, ga karin sauti a aikace: fari na launi da fari na rashin ruwa, kalangu ya bambance su kafin in buɗe baki. Mako na gaba muka yi caki da duma da tsakuwa, wani yaro ma ya zo da kuntigin gwangwanin sardin da yayansa ya ɗaura masa. Kuskurena ɗaya, ban sanar da hedimasta ba, ya fito a guje ya ɗauka biki ya ɓalle a makaranta.

Malamar aji uku, Kano: Allah ya saka da alheri, Baba da sauran 'yan uwa. Yau na gwada gaɗar. Yarinyar da ban taɓa jin muryarta ba tun shigowarta ajin ita ta bayar, har aka buga ƙararrawa ba su sani ba. Benci ɗaya dai ya karye. Sai wata matsalar: jarrabawar ƙarshen zango a rubuce ake so, maki sittin. Da me kuke auna tafi a takarda?