Katin PCMCIA da ExpressCard a Linux: Abin da Masu Harkar Suka Ba da Shawara

PCMCIA da ExpressCard katuna ne da ake zurawa a gefen tsofaffin kwamfutocin tafi-da-gidanka don ƙara musu abubuwa kamar Wi-Fi. Kan yadda za a sa su yi aiki a Linux, kusan duk masu harkar sun fara da magana ɗaya: kada ka dubi sunan kamfanin da ke jikin katin, ka nemo guntun lantarkin da ke cikinsa. Kamfani kan sauya guntu ba tare da ya sauya sunan kati ba, shi ya sa kati ya yi wa wani aiki, irinsa ya ƙi a hannunka.

Gano shi ya danganta da irin katin. CardBus, wato nau'in PCMCIA mai bit 32, yana fitowa idan an buga umarnin lspci. Tsohon PCMCIA mai bit 16 kuwa sai umarnin pccardctl ident, daga manhajar pcmciautils wadda ta gaji pcmcia-cs tun sigar 2.6.13 ta kanel, wato zuciyar Linux. ExpressCard yana bin hanyar haɗi ta PCI Express ko ta USB, don haka bayan lspci a duba umarnin lsusb ma. Nan mutane da yawa ke ɓata lokaci.

Idan an saka kati amma dmesg, umarnin da ke nuna saƙonnin kanel, ya yi shiru, a tabbatar yenta_socket, direban ramin PCMCIA da CardBus, yana aiki. Wasu sun ce ƙara wa kanel zaɓin pci=assign-busses wajen tashin na'ura ya warware musu. ExpressCard da ya ƙi bayyana, a saka shi kafin a kunna kwamfutar.

An ɗan yi saɓani kan katin Wi-Fi. Mai guntun kamfanin Broadcom yana buƙatar a ciro masa famwaya, wato ƙaramar manhajar da guntun ke aiki da ita, da manhajar b43-fwcutter, wasu kuma suka kawo ndiswrapper mai aron direban Windows. A ganina wannan ta ƙarshe wahala ce kawai, gara a nemi kati mai guntun kamfanin Atheros da direban Linux mai suna ath5k ke ɗauka kai tsaye.