Na'urar auna yanayi ta rikice bayan iska ta kayar da ita, wa ya taɓa gyara tasa?

Baban Amira, Samaru
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masu irin na'urar nan ta auna yanayi a gida ku taimaka min da abin da kuka gani. Iskar da ta zo gaban ruwan daren Talata ta kayar da ƙarfen da tawa take kai, na miƙar na sake ɗaurewa amma tun daga nan danshin iska ya tsaya cak a kashi 99 cikin ɗari ko da tsakar rana, sannan ko an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya sai ta nuna min milimita 2 kacal. Ni kuma da ita nake duba lokacin zuba taki a masarata ta hanyar Shika. Wani ya ce in shiga saiti kawai in rage lambar, hankalina dai bai kwanta ba.

Injiniya, Hanwa
Wa alaikumus salam Malam. Kar ka taɓa saitin nan tukuna, an yi shi ne don sensa (ɗan abin da ke yin awon) mai lafiya wadda kullum take kuskure iri ɗaya, misali ƙarin digiri 1 safe da yamma. Wadda ta lalace in ka rage mata yau gobe wani abu daban za ta faɗa maka. Fara da na ruwan. Cire mazurarin, a ƙarƙashinsa akwai ɗan cokali mai baki biyu, duk sanda ɓari ɗaya ya cika sai ya rinjaya ya zubar, ɗan maganaɗisun jikinsa ya gifta ta gaban wani siririn makunni na gilashi, shi ne ƙirga ɗaya, yawanci milimita 0.2 ko 0.3 ya danganta da samfurin. Juya shi da yatsa ka ji ƙas ƙas sannan ka ɗan jira ka duba allon cikin ɗaki. In lamba ba ta motsa ba toh gilashin ya tsage ko maganaɗisun ya fice. Tawa gilashin ne ya tsage lokacin da ta faɗi, mai gyaran rediyo a Sabon Gari ya sa min wani ya yi solda, har yau tana aiki. In ka mayar ka tabbata ɗan kumfan ruwan da ke samanta ya zauna a tsakiya, in ta karkace ɓari ɗaya zai riƙa juyawa tun bai cika ba.

Maman Sadiq, Tudun Wada
Tamu ta makaranta ce nake kula da ita, ba ta ma faɗi ba ta daina ƙirga ruwa. Da muka buɗe zanzaro ne ya yi gini da laka daidai inda cokalin yake juyawa, ga busasshen ganyen darbejiya ya toshe ramin mazurari. Bayan mun wanke ban yarda da ita ba sai da na gwada. Faɗin bakin mazurarinmu santimita 16 ne, kenan ruwa mililita 200 ya kamata ya ba da kusan milimita 10, sai na auna da sirinji na zuba a gora na huda murfin da allura ya riƙa ɗiga a hankali, don in ka kwarara gaba ɗaya cokalin ba ya iya bi, lissafin zai yi ƙasa ka zaci laifin na'ura ne. Kowa ya auna bakin nasa fa, ba duka girmansu ɗaya ba.

Baban Amira, Samaru
Allah ya saka da alheri. Na buɗe, sandar cokalin ce ta goce daga mazauninta, na mayar yana ƙirgawa yanzu. Saura danshin.

Alhajin Dakace
Danshin shi ne mai wuya ɗana. Ruwa ne ya shiga inda sensar take lokacin da ta kwanta a ƙasa. Kwance fararen farantan nan da ke rufe ta, cire batir, ka ajiye ta a inuwa inda iska ke wucewa ta bushe sosai, kar ka shanya a rana kuma kar ka goge ta da yatsa ko sifirit, fuskar tata ba ta son taɓi. In ta dawo sai ka yi gwajin gishiri: gishirin miya a murfin kwalba, ka ɗiga ruwa ya jiƙe amma kar ya narke, ka sa shi tare da sensar a roba mai murfi ka rufe ruf ta kwana a ɗaki. Ya kamata ta nuna wajen 75. In ta nuna 70 ko 80 wannan saiti zai gyara. In tana nan a 99 ta mutu, sai dai sabuwa, ni tawa haka na haƙura na canza don na busar har na gaji ba ta dawo ba. Kuma ka sake dubanta da hunturu, a Zariya da rana a watan Janairu danshi kan sauka ƙasa da 20, duk wadda take nuna maka 60 a lokacin ba gaskiya take faɗa ba.

Ɗalibi, Palladan
Baba ya gama magana. Ni nawa akasin na Malam ne, ruwan ƙarya take ƙirga min ranar da ko ɗigo ba a yi ba, ashe bayan faɗuwar ƙarfen ya yi sako-sako, in iska ta kaɗa shi cokalin ya juya da kansa, da na ɗaure shi da waya ta ɓangare uku shikenan. Kofunan da ke auna gudun iska kuma ku hura su da baki, in suka tsaya nan take boris ɗin da suke juyawa a kai ya sha ƙurar hunturu ko sandar ta lanƙwashe. A kuma duba alamar arewa bayan an sake kafawa, in ba haka ba iskar damina da ke zuwa daga kudu maso yamma sai ta nuna ta wani wajen.

Abu ɗaya kar ya tsorata ku, in kun ga nauyin iska yana wajen 935 zuwa 940 alhali na NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, ya haura 1000 ba lalacewa ba ce. Zariya tana kan tudu, sama da mita 600 daga teku, su kuma nasu an mayar da shi ma'aunin bakin teku ne, wannan kam saiti ake shiga a gyara.

Injiniya, Hanwa
Haka ne ƙanina. Malam in ka tashi mayarwa ka ɗaga ta nesa da kwanon rufi, zafin kwano na ƙara mata digiri da yawa da rana. Ka duba ramin batir ma ko ruwa ya shiga ya yi tsatsa, shi ke sa lambobi su riƙa ɓacewa da asuba kafin sola ta kama. Lissafin ruwan kwanakin da ta rikice kuma ka goge shi daga jimillar wata, ka nemi na maƙwabci mafi kusa ka rubuta a littafi da alamar cewa aro ne, kafin nan ka kafa gwangwani mai miƙaƙƙen baki a fili kana aunawa da rula duk safiya kana gwadawa da nata har ruwa biyu ko uku.