Neman kalmar Hausa: me ake kiran mutumin da taro ke gajiyar da shi?

Mai gabatar da shirin rediyo, Jos

Assalamu alaikum, iyaye da malamai. Ina neman taimakonku kafin safiyar Asabar. Batun shirin matasa na wannan makon shi ne yadda mutumin da Turawa ke kira "introvert" zai riƙe shugabanci a wurin aiki ko a ƙungiya, a kuma san da zamansa, ba tare da ya tilasta wa kansa zama mai surutu ba. Wanda ake nufi shi ne mutumin da yawan cuɗanya da jama'a ke gajiyar da shi, wanda hankalinsa ke dawowa jikinsa idan ya keɓe ko ya zauna da mutum ɗaya ko biyu, kuma yakan yi tunani kafin ya buɗe baki. Ba ƙin mutane yake yi ba, ba kuma tsoronsu yake ji ba. Masu sauraronmu sun kama daga Gangare da Anguwan Rogo har Bukuru, akwai kuma 'yan'uwanmu Birom da Angas da Tarok waɗanda da Hausa suke ciniki, da ita da yawansu suke ibada, saboda haka ina son kalmar da za a gane da jin farko. Kalma ta biyu da ta tsaya mini ita ce "visibility", wato a riƙa ganin mutum da aikinsa.

Ɗalibin jami'a, Anguwan Rogo

Wa alaikumus salam, Yaya. Ai muna da ita tuntuni: miskili, miskila, miskilai. Duk wanda ke karanta labaran soyayya ya san jarumin da ba ya magana sai ya ga dama.

Malama mai aikin fassara, Abuja

Ƙanena, "sai ya ga dama" ɗin da ka faɗa shi ne ya rushe shawararka. Miskili mutum ne mai wuyar sha'ani, wanda ake yi wa magana ya share, kuma akwai ƙanshin girman kai a cikin kalmar. Asalinta ma Larabci ne, dangin mushkila. Idan aka ce wa masu sauraro yau za a koya wa miskilai shugabanci, an zage su tun kafin a fara shirin.

Na taɓa shan wahalar wannan kalma a wata takardar horar da ma'aikata, kuma abin da na lura da shi shi ne Hausa ba ta rasa kalmomin shiru ba, sai dai kowacce ta zo da hukuncinta a rataye. Mai kunya yana son ya yi magana, nauyin ido ne ke hana shi, alhali wanda muke nema yana iya tsayawa gaban taro ya yi jawabi mai kyau, sai dai bayan an tashi ya nemi ɗaki ya rufe. Mai zurfin ciki ɓoye abin da ke damunsa yake yi, kuma akan faɗe ta ne da sigar ƙorafi. Kawaici tarbiyya ce, mutum ya ga abu ya kau da kai don mutunci, kuma mai surutu ma yana iya yin kawaici. Natsuwa da kamun kai yabo ne. Salihi ya shiga fagen addini. Ita kuwa kalmar Turawan, a bakin masana, ba yabo ba ce ba zargi ba ce, siffa ce kawai kamar a ce dogo ko gajere. A nan giɓin yake. Mafi kusa a wurina ita ce "mai shiru-shiru", domin uwa tana iya cewa ɗana mai shiru-shiru ne ba tare da ta yabe shi ko ta kushe shi ba.

Tsohon malamin makaranta, Tudun Wada

'Yata mai tambaya, Allah ya yi miki albarka da kika tambaya kafin ki hau iska. Malama ta yi bayani mai kyau, amma "mai shiru-shiru" siffantawa ce, ba suna ba ne, kuma ta kama alamar ta bar tushen. Kalmar Turawan ta fito ne daga harshen Latin, daga gaɓoɓi biyu masu ma'anar "ciki" da "juyawa". Wanda ya yaɗa ta shi ne Carl Jung, likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Suwizalan, a littafinsa na 1921 kan rabe-raben halayen mutane, kuma abin da ya dame shi shi ne inda hankalin mutum ke fuskanta, ciki ko waje, ba yawan maganarsa ba.

Kada kowa ya ce mu bi Latin ɗin sawu da ƙafa, domin "ciki" tarko ce a Hausa. Mai ciki an san ko wace ce, 'yar ciki riga ce, juyawar ciki kuma sai a nemi jiƙo. Abin da nake ba da shawara, kuma na daɗe ina amfani da shi a rubuce-rubucena, shi ne makeɓanci, makeɓanciya, makeɓanta. Daga aikatau "keɓanta" aka gina ta da ɗafa-goshin ma-, kamar yadda aka gina marubuci da manomi da matafiyi. Tana da namiji, tana da mace, tana da jam'i, kuma babu digon baƙon harshe a jikinta.

Ɗalibin jami'a

Baba, idan ginin ma- za a bi, me zai hana a ce makaɗaici, tunda kaɗaici ya fi keɓanta yawo a bakin mutane?

Malamin Islamiyya, Rikkos

A'a, ɗana, wannan kam a bar ta. Makaɗaici siffa ce da muke yi wa Allah Maɗaukakin Sarki, kuma kunnen Bahaushe can zai tafi da zarar ya ji ta. Haka nan kada a ɗauko halwa ko uzula, domin waɗannan aiki ne da mutum ke zaɓa don ibada na wani lokaci, ba halitta ba ce. Larabawan yanzu "inɗiwa'i" suke cewa, amma ban ga wanda zai gane ta a Farin Gada ba.

Malama mai aikin fassara

Baba, ginin kalmarka ba shi da aibi, sai dai jam'inta ya yi kama da sunan wuri. Wanda ya ga "makeɓanta" a rubuce zai ɗauka wurin keɓewa ne, kamar makaranta ko majema, kuma kowa ya san wurin da ake keɓewa a gida.

Tsohon malamin makaranta

Malama, wannan ba hujja ba ce. Mahauta mutane ne, mahauta kuma wuri ne, karin sauti ne ke raba su, kuma ban taɓa jin wanda aka aika sayen nama ya ɓata saboda haka ba. A rediyo za a faɗe ta, ba a allo za a rubuta ba.

Mai sayar da wayoyi, Terminus

Da izinin manya. Yaran da za su saurari shirin nan sun riga sun san kalmar, suna rubuta ta a Facebook da TikTok kullum, kuma da bakinsu "intirobat" suke cewa. Mun karɓi mota da asibiti da likita, mun karɓi kwamfuta duk da ƙoƙarin da aka yi da na'ura mai ƙwaƙwalwa. Me ya sa wannan za ta zama haram?

Tsohon malamin makaranta

Saboda mota ba mu muka ƙera ta ba, ta zo ne da sunanta. Shi kuwa mutumin da ba ya son hayaniya muna haifarsa tun kafin Bature ya san hanyar Lakwaja. Aron sunan abin da ba ka da shi larura ce, aron sunan abin da ke cikin ɗakinka kuwa lalaci ne. Ku buɗe ƙamusun Bargery na 1934 ku ga dukiyar da kuka bari tana ruɓewa. Waɗanda suka fara jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939 sun yi bayanin yaƙin duniya da Hausa tsantsa, ku kuwa halin ɗan'uwanku ya gagare ku. Kuma ba duk ƙirƙira ce ke mutuwa ba: jirgin sama yana nan, yanar gizo tana nan kafaɗa da kafaɗa da intanet.

Ɗan jarida, Abuja, asalin Kano

Ina tare da Baba a kan ƙin intirobat, amma gaskiya ɗaya ce, ba a Jos ake yanke wa Hausa hukunci ba. Garin da ake ce wa mace "ya zo" ba shi zai ba mu sabuwar kalma ba. A miƙa batun ga Cibiyar Nazarin Harsunan Najeriya ta Jami'ar Bayero, su da suka fitar da ƙamus a 2006.

Dattijo mai fassara wa'azi a coci, Bukuru

Malam, ka yi mana adalci. Ni Birom ne, kuma na tsufa ina tsayawa kusa da mai wa'azi ina mayar da Turanci Hausa nan take, ba ƙamus a hannuna. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, kuma yankin nan namu yana cikin wuraren da aka fi karanta shi. Hausar da kake rainawa ita ce ke haɗa ƙabilu masu yawa a kasuwa ɗaya, kuma kalmar da ta rayu a bakinmu ta ci jarrabawar da ta fi ta ɗakin taro wuya. A kan tambayar yarinyar nan, idan na ce "makeɓanci" a gaban jama'ata sai na tsaya na yi bayani, idan kuwa na ce "mutum mai shiru-shiru, wanda ba ya son hayaniya" kowace tsohuwa za ta tuna da ɗaya daga cikin jikokinta.

Ɗan jarida

Baba, ban yi nufin raini ba, ina magana ne kan daidaitacciyar Hausa, wadda aka gina bisa karin Kano.

Tsohon malamin makaranta

Basakkwace ma yana da abin cewa a kan wannan, amma ba yau ba. Ni a Jos aka haife ni, kuma ban taɓa ce wa mace "ya zo" ba.

Mai gabatar da shiri

Iyayena, Asabar tana matsowa. Na nuna wa baƙuwar shirin abin da aka tattauna, ma'aikaciyar lafiya ce da ta karanci halayyar ɗan Adam, ga abin da ta ce in isar. Tana tsoron suna guda ɗaya mai kama da tambari, domin abin mataki-mataki ne, yawancin mutane a tsakiya suke, kuma shi kansa Jung ya ce babu wanda yake gefe ɗaya zalla. Ta tuna mana yadda "ƙanjamau" ta zama abin tsangwama har gidajen rediyo suka koma cewa cuta mai karya garkuwar jiki. Ta ce Hans Eysenck, masani a Ingila, ya yi hasashen cewa ƙwaƙwalwar irin waɗannan mutane a farke take sosai ko da babu abin da ya motsa ta, shi ya sa hayaniyar da ke wartsakar da wani take cika musu kai.

A kan shugabanci kuma za ta kawo binciken da Adam Grant da abokan aikinsa suka wallafa a 2011 kan shagunan sayar da abincin Turawa da ake kira fiza (pizza) a Amurka. A shagunan da ma'aikata ke kawo shawara da kansu, manajoji masu shiru-shiru sun fi kawo riba, saboda suna saurara su bar shawarar ta yi aiki. A inda ma'aikata ke jiran umarni kuwa, manajoji masu yawan magana ne suka fi. Saƙonta ga matasa shi ne ba sai sun sake hali ba, salon aiki za su sake: su rubuta ra'ayinsu su aika kafin taro, su nemi ganawa da mutum ɗaya-ɗaya, su karɓi aikin rubuta rahoto wanda sunansu zai fito a kai.

Malamin Islamiyya

Wannan ya dace da abin da muka gada, tunda an ce hali zanen dutse. Kuma shugabanci ba hayaniya ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wanda ya taɓa kai gaisuwa fada ya ga sarki da amawali a bakinsa, yana magana ƙasa-ƙasa ko ya ɗaga hannu kawai, fadawa ne ke ɗaga murya su ce Sarki ya gaishe ka. Babu wanda ya fi shi ƙarancin magana a zauren, babu kuma wanda ido ya fi kansa. A zamaninmu ma mutane na tuna marigayi Umaru Musa 'Yar'adua da sanyin murya, amma da ya bayyana kadarorinsa ga jama'a a 2007 duk ƙasa ta ji. Ban ce na san rukunin da masana za su sa shi ba, misali kawai na kawo.

Ɗalibin jami'a

To kalma ta biyu fa, wato "visibility"? Na ga wata manhajar fassara ta ba da "ganuwa".

Malama mai aikin fassara

Ganuwa tana kewaye da birnin Kano, a bar ta a can. "Nuna kai" da "tallata kai" kuma za su ci karo da tarbiyyar masu sauraro, waɗanda aka rene su da cewa yabon kai jahilci ne, wasu ma riya za su ji. Kada a nemi suna a nan, a yi amfani da jimla: "a san da kai", ko "aikinka ya fito fili". Taken shirin yana iya zama "Jagoranci ba hayaniya: yadda masu shiru-shiru za su sa a san da aikinsu".

Mai gabatar da shiri

Na ɗauki wannan taken, Allah ya saka wa kowa da alheri. A cikin shirin zan yi amfani da "masu shiru-shiru", in bayyana tun farko cewa ba miskilanci ba ne, ba kuma kunya ba ce. Zan ambaci kalmar Turancin sau ɗaya saboda matasan da suka san ta. Baba, zan kuma faɗa cewa wani malaminmu ya ba da shawarar "makeɓanci", in nemi masu bugo waya su faɗi ra'ayinsu a kanta.

Tsohon malamin makaranta

Ba a jefa ƙuri'a a kan nahawu, 'yata, amma na gode da ba ki binne ta ba. Ina nan a kan bakana cewa shiru alama ce kawai, kuma ranar da aka zo rubuta littafin makaranta za a nemi suna mai jam'i, a dawo inda nake. Ki dai ja kunnen baƙuwarki ta sauke murya a gaɓoɓin tsakiya idan ta zo faɗin jam'in, kada ta mai da mutane wuri. Sannan har yanzu babu wanda ya ce komai a kan kishiyar kalmar, wato mutumin da taro ke ƙara wa ƙarfi, kuma ina da shawara a kanta ita ma.

Mai sayar da wayoyi

Wannan ai mai faram-faram ne, Baba.

Tsohon malamin makaranta

Siffantawa ce ita ma. Ku ba ni zuwa bayan sallar isha'i in duba takarduna.