Peugeot 404 ta mahaifinmu: a sayar wa masu ƙarfe ko in tashe ta?

Ɗan Aboabo

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san tsofaffin motoci, musamman masu riƙe da irin waɗanda suka yi ƙaranci a kan titi. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana Peugeot 404 ƙirar 1970 a bayan gidanmu da ke Aboabo a nan Kumasi, kuma yau shekara 11 ke nan tana zaune a kan bulo a gindin mangwaro ba wanda ya tashe ta. Sitiyarinta a dama yake, domin an shigo da ita tun kafin Ghana ta koma bin hannun dama a watan Agustan 1974, giyarta kuma a jikin sitiyari take. Tsatsa ta ci ƙasan ƙofofin baya da gindin but, kaji sun mai da kujerar gaba wurin saka ƙwai, amma gilasanta suna nan lafiya, kuma da na ɗora sifana a kan injin na tarar yana juyawa, bai ƙame ba.

Yayyena biyu sun ce a kira masu sayen tsohon ƙarfe su auna ta a raba kuɗin. Ni kuwa zuciyata ta ƙi, amma da suka tambaye ni dalili sai na rasa abin faɗa, domin ni malamin makaranta ne, albashina ba mai yawa ba ne, kuma babur ɗina yana kai ni duk inda nake so. Tambayata biyu ce. Me masu irin waɗannan motoci suke samu a cikinsu har suke zuba musu kuɗi da shekaru? Idan kuma na yanke shawarar tashinta, in sa mata injin Toyota kamar yadda wani abokina ya ce, ko in lallaɓa nata?

Tsohon Fita na Suame

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya gafarta wa mahaifinku. Na shiga Magazine, unguwar makanikai ta Suame a nan Kumasi, ina yaro mai miƙa wa maigida sifana a 1976, kuma a kan 404 da 504 na koyi hannu, saboda haka bari in fara da tambayarka ta biyu, wadda ita ce tawa.

Kada ka sa mata injin Toyota. Ba don injin yana da aibi ba, sai don yadda aka gina ƙasan motar. Firofelar 404 ba a fili take ba kamar ta yawancin motoci. A cikin wani dogon bututun ƙarfe take juyawa, wanda ya haɗa bayan giyabos da aksul ɗin baya, kuma wannan bututu shi ne yake tura motar gaba. Duk wanda ya ɗora baƙon inji da baƙon giyabos dole ya yanke wannan tsari ya shiga walda da ƙirƙirar maɗaurai, daga nan kuma motar ba za ta ƙara zama daidai a hanya ba. Na ga uku da aka yi wa haka, dukansu a hannun masu ƙarfe suka ƙare. Idan ƙarin ƙarfi kake nema, injin 504 ɗan gida ɗaya ne da nata: nata 1618 cc ne, na 504 mai lita biyu 1971 cc, dukansu a kishingiɗe suke zuwa gefe, kuma yana shiga gurbinta ba tare da an wahalar da bodi ba. An ci gaba da haɗa 504 a Kaduna har cikin shekarun 2000, don haka kayansa ba su ɓace daga kasuwa ba tukuna.

Amma tunda ka ce nata yana juyawa, ni shi zan fara gwadawa. Kada ka yi gaggawar ɗora batir ka murza makulli. A cire fulogi huɗun nan, a tsiyaya ɗan mai a kowane rami a bar shi ya kwana biyu, a sauke tanki a wanke, domin fetur ɗin da ya shekara 11 ya zama ƙaro, a kwance kafireto a tsaftace, a zubar da tsohon baƙin mai. Robobin birki duka a sake su ko da ido ya ga kamar lafiyarsu lau. Abin da ya fi kashe waɗannan motoci a hannun yaran yanzu kuwa shi ne aksul. Salun ɗin 404 da yawa haƙorin aksul ɗinsu na tagulla ne, wani ƙarfe mai murɗi yake juya shi, kuma man giya na yau da kullum da ake sayarwa a gidan mai yana cin tagulla a hankali. Yaro zai zuba mata shi da kyakkyawar niyya, bayan wata shida ka ji tana kuka daga baya. Ka kuma sani an ƙera injin ne a zamanin fetur mai dalma, wanda aka daina sayarwa a ƙasar nan tun farkon shekarun 2000, don haka idan an buɗe kan injin a duba mazaunin bawul.

Tambayarka ta farko kuwa, zan faɗa maka nawa dalilin kawai. Daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa 1983 kayan gyara sun yanke a Ghana, ko fambel sai da hanya ake samu. A lokacin muna yanka gaskit daga kwali, muna fafe roba daga tsohuwar taya, motocin nan kuma suna karɓa suna tafiya Tamale su dawo. Mota ce da za ka buɗe bonet ka ga ƙasa ta tsakanin inji da bodi, ka bi waya da ido tun daga batir har zuwa fulogi, ka san aikin kowace. Ta yau idan ta tsaya sai an kawo kwamfuta ta faɗa maka abin da ke damunta, sa'an nan ka cire abu ka jefar ka sa sabo. Ban raina wannan ba, da shi 'ya'yana suke ci, amma ni ba ya gamsar da ni. Ba kuma banza 404 ta lashe tseren Safari na gabashin Afirka sau huɗu ba, a 1963 da 1966 da 1967 da 1968.

Hajiya ta Asawase

Ƙanena, Baba ya faɗa maka abin da ke cikin bonet, ni kuma bari in faɗa maka abin da ke cikin gida, domin maigidana yana da wannan ciwo. Ya sayi tsohuwar Mercedes 240D ya ce wata uku za ta hau titi. Yau shekara uku ke nan. Mai walda ya riƙe ta wata takwas, mai fenti ya karɓi kuɗi ya yi mata shafe na farko ya bar ta a rana har damina ta same ta, aka sake kankarewa daga farko, kuma a can ne fitilun bayanta na asali suka yi ƙafa. Kuɗin da ta ci ya isa a sayi ƙaramar mota mai lafiya. Ban hana shi ba, don na ga yadda fuskarsa take idan ya dawo daga wurinta, amma na sa ya ware mata asusunta dabam wanda ba ya taɓa kuɗin cefane da na makarantar yara. Kai ma ka yi haka tun kafin ka sayi ƙusa ɗaya.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. Motar ba taka ba ce, ta magada ce. Ka ambaci yayyenka biyu, ba ka ambaci mahaifiyarku ba idan tana raye, wadda take da tumuninta, ba ka kuma ambaci 'yan'uwanka mata ba. A yi mata kuɗi a gaban shaidu, ka biya kowa rabonsa, a rubuta. Yau kowa yana ganin tarkace ce, amma ranar da ta fito da sabon fenti tana ƙyalli, a ranar za ka ji masu cewa ai motar babanmu ce.

Sitiyarin dama kuma ba abin ado ba ne a hanyar Techiman. Idan kana bayan tirela kana son wucewa, sai rabin motar ya fita kafin kai ka ga abin da ke tahowa.

Mai Volvo na Nima

Ina gaida Baba da Hajiya. Ni daga Accra nake, kuma shekara bakwai ke nan ina tuƙa Volvo 240 doguwa ƙirar 1988. An ƙera irinta daga 1974 zuwa 1993, sama da miliyan biyu da rabi, amma a nan sai in yi wata biyu ban gamu da 'yar'uwarta ba, kuma a gaskiya wannan yana cikin abin da ya riƙe ni. A cunkoson Circle za ka ga Corolla ashirin da Vitz talatin, ba mai ɗaga kai ya dube su. Ni kuwa da wuya in tsaya shan mai ba tare da wani dattijo ya matso ya dafa bonet ya ce shugaban ma'aikatarsu yana da irinta a da ba, daga nan sai hira ta ɓarke da mutumin da ban taɓa gani ba. Akwai kuma daɗin farauta, wanda wanda bai yi ba ba zai gane ba. Na yi wata biyar ina neman murfin fitilar kwana, na zagaye kasuwar kayan gyaran mota ta Abossey Okai shago-shago ana yi mini dariya, daga ƙarshe na same shi a Kokompe a jikin wata da ciyawa ta tsiro ta cikinta. Ranar na koma gida kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka.

A kan gyare-gyare na ɗan saba da Baba, tare da girmamawa. Na yarda kada a taɓa ƙashin motar, amma wanda zai riƙa shiga da ita cikin gari a yau sai ya yi mata wasu sauye-sauye, domin ba a ƙera ta don ta tsaya awa ɗaya a cunkoson Kejetia da zafin rana ba. A ƙara wa lagireto layi, a sa masa fanka mai aiki da lantarki, a maye gurbin kwantak da na'urar kunna wuta ta zamani wadda take ɓuya a cikin distirbito ba mai ganinta, a sake wayoyin da suka bushe, a ƙara hasken fitilun gaba. Bel ɗin kujera kuma wajibi ne ko da ba ta zo da shi ba. Ƙa'idata ita ce duk abin da na sauya ya zama wanda za a iya mayarwa da sifana, na asalin kuma in nannaɗe shi in ajiye. A nan ne motar take zama taka kai kaɗai, domin kowane sauyi ka san ranar da ka yi shi da abin da ya sa.

Game da sitiyari, gaskiyar Hajiya ce a kan haɗari, amma ni da zan bar shi, in taƙaita tafiyata a cikin gari da ranakun Juma'a da Sallah. Doka ta hana shigo da mota mai sitiyarin dama, motar da ta haura shekara goma kuma ana ɗora mata tara a tashar Tema, saboda haka irin taka ba ƙaruwa suke yi ba, duk wadda aka sare ta tafi ke nan. Ka ɗauki takardunta ka je ofishin DVLA, hukumar rajistar motoci da lasisin tuƙi, tun yanzu, a duba lambar casis da ta inji, ka ji abin da za su nema kafin su ba ta takardar cancantar hawa titi. Idan ka sauya inji ko launi daga baya, nan ma sai ka koma an gyara a takarda. Kada kuma ka shiga da lissafin riba. Ban san wanda ya mai da kuɗinsa a wannan harka ba a cikin abokaina.

Ɗan Aboabo

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, maganarku na fara bi. Mun zauna da mahaifiyarmu da 'yan'uwana mata uku a gaban limamin unguwa, aka yi wa motar kuɗi sama da abin da masu ƙarfe suka taya, zan biya cikin wata huɗu, an kuma rubuta. Da nake neman takardunta a aljihun gaba na tarar da wani ɗan littafi da mahaifinmu yake rubuta ranar sauya mai da ajami, tare da sunan garin da ya sauya, Kintampo da Bawku da Lome, shafi na ƙarshe kuma ya rubuta cewa birkin hagu yana ja. Babban yayanmu, wanda ya fi kowa matsawa a sayar, ya karɓi littafin ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya ce shi zai sayi tayoyi.

Baba, na leƙa ƙarƙashinta kamar yadda kuka kwatanta, na ga bututun. Yaya zan gane ko aksul ɗinta mai tagulla ne, kuma wane mai zan nema?

Tsohon Fita na Suame

Ka kwance ƙusar zubar da mai da ke ƙasan aksul ɗin, ka tara abin da ya fito a farin kwano ka kai shi rana. Idan ka ga ƙyalli kamar garin zinariya a ciki, tagulla ce, kuma yawan ƙyallin shi zai nuna maka yadda ta ci. Kada ka zuba komai tukuna, domin man da aka yi wa irin wannan aksul ba ya haɗuwa da kowane mai, sai an wanke cikin tas. Ka zuba wanda ka tara a kwalba ka zo mini da shi Magazine ranar Asabar bayan azahar, ka haɗo da kafireton a cikin leda. Birkin hagun da mahaifinka ya rubuta kuwa, silindar tayar dama za mu fara buɗewa, don mota tana ja ne zuwa gefen da yake kamawa.